Ɗigo Uku a Harshen C

Duk wanda ya fara koyon harshen kwamfuta na C, da printf yake buɗe ido. Yau ka ba shi abu ɗaya ya buga a allo, gobe ka ba shi bakwai, duk ya karɓa. Yawancin fankishin kuwa an ƙayyade musu adadin abin da za a miƙa musu, ƙari ko ragi kuskure ne. To shi printf yaya yake yi?

Sirrin yana cikin ɗigo uku da ake sawa a ƙarshen jerin abin da fankishin zai karɓa, ma'ana "da sauransu". Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, amma sai a ƙa'idar ANSI ta 1989 aka tsayar da hanyar da ake bi yau, cikin fayil ɗin stdarg.h. Ka ayyana va_list, va_start ya tsaya a bakin jerin, va_arg ya riƙa zaro kaya ɗaya bayan ɗaya, ka rufe da va_end.

A nan gizo ke saƙa. Fankishin bai san nawa aka ba shi ba, bai kuma san irinsu ba. Dole mai kira ya bar masa alama. Shi printf yana bin alamomin %d da %s da ke cikin saƙon farko, execl na Unix kuma yana tafiya har sai ya ci karo da NULL. Ka rubuta %d uku ka miƙa lambobi biyu, va_arg ba zai yi gardama ba. Zai kai hannu inda ba a ajiye masa komai ba, ya ɗauko abin da ya tarar a ma'adana, printf ya buga maka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2000 an gano cewa manhajar wu-ftpd tana miƙa wa fankishin irin printf rubutun baƙo kai tsaye a matsayin saƙon farko. Masu kutse suka cusa %n, alamar da ke rubutu cikin ma'adana, suka ƙwace ragamar kwamfutoci daga nesa.

Harsunan da suka biyo bayan C sun ɗauki darasi. A Python, *args yana tattara kayan wuri ɗaya har ka iya ƙirga su. Java ta kawo nata a 2004.

Abin da ke damuna shi ne a koya wa ɗalibi printf a makon farko ba a nuna masa wannan ramin ba. Kada ya taɓa miƙa rubutun wani a matsayin saƙon farko, ya sa "%s" a gabansa, kuma ya kunna -Wformat idan da GCC yake aiki.