Wasan Dragon Quest XI S da Matsalar "Ni"

A 2019 kamfanin Square Enix ya saki samfurin gwaji na wasan bidiyo Dragon Quest XI S, wanda Akira Toriyama ya zana taurarinsa. Zanen ne ke fara ɗaukar ido, amma ɗalibin harshe da ya kunna muryoyin Japananci, kunnensa zai riga idonsa. Erik, ɓarawon labarin, yana kiran kansa "ore", lafazin namiji mai ji da kai. Veronica kuwa "atashi" take cewa. Duka biyun "ni" suke nufi. Masanin harshe Satoshi Kinsui ya kira wannan "yakuwarigo": salon maganar da ke shaida jinsi, shekaru da halin mai magana tun kafin a gan shi.

A nan mai fassara zuwa Hausa zai yi gumi, domin "ni" ɗaya gare mu. Jinsi a "kai" da "ke" muke bambanta shi, girma kuma a kan wanda ake yi wa magana muke ɗora shi. Yaro a Dungu, ƙasar Matamaye, zai ce wa dattijo, "Baba, kun tashi lafiya?" A ganina, taƙamar Erik sai dai a neme ta a gaban sarki: ko ya ce "ranka ya daɗe", ko ya ƙi.