Kindirmo, Tsala da Kalangun Shata

Duk wanda ya taɓa zaman jiran a gama duba takardun mota a Magama, bakin iyakar Jibiya, kafin a miƙa Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ya san abu biyu ba sa yankewa a wurin: ƙwaryar fura da nono, da muryar Mamman Shata daga lasifikar wani direba. A ganina hukuncinsu ɗaya ne.

Shata ya rasu a 1999, amma Bakandamiyarsa sai sauya mazubi take yi: faifan garmaho, kaset, sidi, yanzu ga memori. Saniya ɗaya, tatsa ɗaya. Sidi, wanda ya shigo kasuwa a 1982, kindirmo ne, abin da aka zuba masa shi yake mayarwa. MP3 ɗin da ake turawa waya zuwa waya kuwa tsala ne, an kaɗe an kwashe mai. Mai kilobit 128 bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin sidi ba, don an zubar da abin da ake zaton kunne ba zai yi cigiya ba. Idan kuma daga tsohon kaset aka kwafo shi, wanda shi ma kwafin kwafi ne, to an yi ta tsarga ruwa ke nan tun daga ruga. Muryar tana nan, amma kaifin kalangu ya dushe, 'yan amshi kamar daga bayan katanga.

Turawa ma suna wannan gardama, sai dai tasu a kan ƙwarya ce. Kundin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ya fito a 1973. An sake fitar da shi a faifan SACD a 2003, sannan a Blu-ray a 2011, masoyansa suna ta musun wanne ya fi daɗi. Amma na 2003 James Guthrie ne ya sake haɗa sautinsa don lasifika shida, na 2011 kuma har da tsohon haɗin Alan Parsons na lasifika huɗu. Ashe yawancin bambancin da suke ji na hannun mai damu ne. Ƙwaryar da ta sha zane ba ta mayar da tsala kindirmo.

Sai kuma ludayi. Ka samu faifai mafi tsada ka juye shi a lasifikar waya cikin rugugin tireloli, ka sha kindirmo da ludayi mai huda.

Shi ya sa damuwata ba mazubi ba ce, zaren asali ne, irin wanda gidajen rediyo suka naɗa Shata na raye. Zafi da ƙura suna cin zare. Mazubi kullum ana ƙera sabo, amma saniyar nan ba za a sake tatsarta ba.