Shin Rashin Kunya Ne A Katse Babban Mutum A Talabijin?

Yau maganarmu a kan wani abu ce da ke ta da gardama a tsakar gidaje da yawa, daga Gwandu har Kalgo, duk ran da aka kawo wuta aka kunna talabijin. Ɗan jarida ya zaunar da minista ko sanata, ya yi masa tambaya, babban mutum ya fara bayani, sai yaron nan ya tari numfashinsa ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Nan take sai ki ji uwargida ta yi salati, ta ce wannan yaro ba ya ganin kowa da gashi.

Lalle tana da hujja. An hore mu tun muna ƙanana cewa in babba na magana sai a saurara har ya dasa aya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ba mu son 'ya'yanmu su rabu da ita. Amma uwargida, ki dubi wannan misali. Kin aiki yaro kasuwar Kalgo da naira 5,000, ya dawo kin ce ina canji, sai ya shiga ba ki labarin yadda kasuwa ta cika da yadda rana ta yi zafi. Za ki bar shi ya kai ƙarshe? Ai ce masa za ki yi, "Canji na tambaye ka." To, wanda muka zaɓa, ko da ya haife mu, a kan dukiyar jama'a ɗan aike ne. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ita kewaye-kewayen nan dabara ce, kuma tana da hanyoyi sanannu. Wani ya fara da godiya da yabon shugabansa har minti biyar su wuce. Wani ya ɗora komai a kan gwamnatin da ta shuɗe. Wani ya ce an kafa kwamiti, ana nan ana dubawa. Wani kuma ya juya kan mai tambayar, ya ce wa ya aiko ka. Duk sun san shirin rabin sa'a ne ko sa'a guda, in lokaci ya ƙare sun tsira. Saboda haka mai tambayar da ya yi shiru don ladabi, ya bar shi ya cinye lokacin, mu masu kallo ya cuta.

A Ingila, cikin watan Mayu na 1997, Jeremy Paxman na BBC ya yi wa Michael Howard, tsohon ministan harkokin cikin gida, tambaya guda har sau 12: shin ya yi wa shugaban gidajen kurkuku barazanar soke hukuncinsa? Amsar i ce ko a'a, amma bai ba da ko ɗaya ba. Mutane suka gani da idonsu cewa ƙin amsawa ma amsa ce.

A nan gida kuwa, a watan Oktoba na 2025, Rufai Oseni na Arise TV ya matsa wa Ministan Ayyuka David Umahi ya faɗi nawa ake kashewa a kan kowane kilomita na titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba. Rai ya ɓaci, har minista ya ce masa ya yi shiru. An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma wannan da ruwanmu, domin ma'aikatar nan ce ke gina babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wadda ta ratsa Jihar Kebbi. Kuɗin kuwa na kowa ne.

Kada kuma ku ɗauka aikin maza ne kaɗai. A watan Janairu na 2019 Kadaria Ahmed, 'yar Arewa, ta zaunar da Muhammadu Buhari da mataimakinsa a gaban jama'a ta NTA, daga baya ta zaunar da Atiku Abubakar da nasa abokin takarar. Ta yi tambayoyinta cikin natsuwa, in an kauce ta komo da maganar. Waɗansu magoya baya sun zarge ta da tsanantawa, amma abin da ta yi yana da tushe: sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayani.

Wace tambaya ce tamu? A watan Maris na 2025 hukumomin jiha sun ba da sanarwar cewa sanƙarau ya kashe mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero. Uwar da ta binne ɗanta tana son ta ji yaushe allurar rigakafi za ta iso ƙauyensu kafin zafi ya sake shigowa. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi. Matar manomi tana son ta ji wa ya sami taimako, kuma nawa. A watan Nuwamba na 2025 an sace 'yammata 25 daga makarantar kwana ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. 'Yar makaranta tana son ta ji wa ke gadin ɗakin kwanansu yau da dare. Waɗannan matan ba za su taɓa zama kujera guda da minista ba. Mai tambayar nan shi ne bakinsu.

Amma fa ba kowane katsewa ne ke da kyau ba. Akwai ɗan jaridar da muryar kansa yake son ji, ko ya shigo da nufin ya ci mutunci, ko ya lallaɓa na jam'iyyar da yake so ya tsananta wa na wata. Ga yadda za ki gane. In an katse mutum yana tsakiyar ba da adadi ko rana ko suna, an yi masa rashin adalci. In kuwa an tambaye shi hanyar Jega ya kama nuna ta Argungu, aka komo da shi, an yi daidai. Harshenmu ma ya tanadi hanyar yin haka da mutunci: "Ranka ya daɗe, ba don in katse maka hanzari ba." Ba sai an ɗaga murya ba, ba sai an nuna yatsa ba.

Ku 'yammata 'yan makaranta, ga ɗan aiki. In za a yi irin wannan hira, ku ɗauki takarda da fensir, ku rubuta kowace tambaya, in an amsa ku yi maki, in an kauce ku ja layi. A ƙarshe ku ƙidaya, ku karanta wa iyayenku mata. Wata rana wata daga cikinku ce za ta zauna a kujerar mai tambaya.

Ke kuma uwargida, zaɓen 2027 na tafe, za su shigo da atamfa da sabulu da kalamai masu daɗi. In an tara ku, ki gai da baƙo yadda ya kamata, sa'an nan ki yi tambaya gajeriya: me za a yi, yaushe, da nawa? In ya kewaya, ki jira ya numfasa, ki ce, "Allah ya ba ka nasara, maganar rijiyar nan fa?" In ke kika ji nauyi, ku shirya tun daga gida wata ta maimaita. Matambayi dai ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.