Wa Ya Kashe Otal Ɗin Da Babu Taga?

Ranar 18 ga Mayu, 2023, kamfanin Disney ya fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa zai rufe otal ɗinsa mai suna Star Wars: Galactic Starcruiser, wanda ke cikin Walt Disney World kusa da Orlando, a jihar Florida ta Amurka. Baƙin ƙarshe za su fita ranar 30 ga Satumba. An buɗe shi ne ranar 1 ga Maris, 2022, wato wata 19 kacal ya yi a duniya.

Mutuwar otal ba wani labari ba ne, kullum ana yi. Sai dai wannan ba irin wanda ake tsammanin zai mutu ba ne. Tun 2017 ake ta shelar zuwansa. Mai shi ne ya sayi Lucasfilm, gidan da ya haifi finafinan Star Wars, a kan dala biliyan 4 da 'yan kai a 2012. Otal ɗin ya karɓi lambar yabo ta Thea, wadda masu sana'ar gina wuraren shaƙatawa ke ba gwaninsu. Shugabannin kamfanin da bakinsu sun ce yana cikin wuraren da baƙi suka fi yabawa a duk abin da suka mallaka. To, yaya za a yi baƙi su yaba, abokan sana'a su sara, amma a kulle ƙofa kafin shekara biyu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kafin a nemi mai laifi, sai a duba gawa. Ginin siminti ne a bayan filin wasanni na Hollywood Studios, mai ɗakuna 100. Da ka shiga, an daina ce maka kana Florida: kana cikin kumbo mai suna Halcyon, kana yawo tsakanin taurari. Ɗakunan kwana ba su da taga. A gurbinta an kafa allo mai nuna sararin samaniya, duniyoyi suna wucewa. Ba a kama ɗaki na dare ɗaya ko na mako guda. Dare biyu ne, kowa ya shiga rana ɗaya, kowa ya fita rana ɗaya, kamar fasinjojin jirgin ruwa. Mafi arahar kuɗin mutum biyu dala 4,809 ne. Iyali mai mutum huɗu kuwa, dala 5,999. A ciki akwai abinci, da tikitin shiga filin wasanni na yini guda, da kuma abin da aka gina wurin dominsa: wasan kwaikwayo na kwana biyu wanda kai ma ɗan wasa ne a ciki. Kwatanta a ce maimakon ka zauna kallon fim, sai darakta ya jawo hannunka ya ce kai ne aminin jarumi, ga saƙo kai wa wance a ɓoye, kada sojojin sarki su gan ka. Kyaftin ɗin kumbo za ta tsaya ta yi maka magana, ana koya maka riƙe takobin haske, saƙonni na shigowa wayarka ta wata manhaja, daren ƙarshe kuma a yi artabu a tsakar zaure tsakanin jaruma Rey da mugu Kylo Ren na finafinan Star Wars.

Wanda kowa ya fara nunawa da yatsa shi ne farashi. Biri kuwa ya yi kama da mutum. Daga shigar azahar ta ranar farko zuwa fitar hantsi ta rana ta uku, kimanin awa 45 ne. Raba dala 5,999 a kan haka, kowace awa ta haura dala 130, har da awannin da kake minshari. Tun kafin a buɗe, da farashin ya fito a 2021, mutane suka yi caa a intanet. Wani bidiyon talla da kamfanin ya saki a ƙarshen shekarar ya sha ba'a har sai da aka janye shi.

Amma tsada ita kaɗai ba ta kashe abu a gidan Disney, in ba haka ba da tuni gidan ya zama kufai. Ranar da aka buɗe Walt Disney World, 1 ga Oktoba, 1971, kuɗin shiga na babba dala 3.50 ne, kodayake a wancan zamani ana sayen tikitin hawa kowane abin wasa daban. A 2015 tikitin yini guda na filin wasanninsa na Magic Kingdom ya tsallake dala 100. Hanyar tsallake dogon layi da aka ƙirƙiro a 1999 da sunan FastPass kyauta ce fiye da shekara ashirin. A 2021 aka mayar da ita ta kuɗi. Motar da ke ɗauko baƙin otal daga filin jirgin sama kyauta, Magical Express, an tsayar da ita a farkon 2022. Duk lokacin da aka yi ƙari sai a yi ta ƙorafi, kuma duk da haka layi bai yanke ba. Shi kansa otal ɗin kumbon, watannin farko cike yake. Ashe akwai masu dala dubu shida, kuma sun zo. Farashi yana da hannu a kisan, amma ba shi kaɗai ba ne.

Na biyu da aka tuhuma shi ne siyasa, kuma dalilin tuhumar yana da ban sha'awa. A ranar nan ta 18 ga Mayu, Disney ya kuma soke shirin gina sabon rukunin ofisoshi na kimanin dala biliyan 1 a Lake Nona, inda aka so a kwaso ma'aikata wajen 2,000 daga Kalifoniya. A lokacin kamfanin yana tsakiyar rigima da gwamnan Florida, Ron DeSantis. Rigimar ta samo asali ne daga wata dokar makarantu ta 2022 da kamfanin ya soka, jihar kuma ta rama ta hanyar ƙwace ikon gundumar Reedy Creek, wadda tun 1967 Disney ke juya ta kamar ƙaramar hukumarsa. A watan Afrilu na 2023 har kotu aka je. Sanarwa biyu a rana ɗaya, wa zai ƙi cewa fushi ne?

Kwanan wata ne ya wanke siyasa. Tun watanni kafin sanarwar, otal ɗin ya fara rangwame, har na kashi 30 cikin ɗari ga wasu rukunin abokan ciniki. A watan Maris na 2023 aka ji cewa daga Oktoba za a rage tafiye-tafiyen kumbon zuwa biyu a mako. Ɗan kasuwar da kayansa ke tafiya ba ya karya farashi ya kuma rage kwanakin buɗe shago. Sannan a daidai lokacin kamfanin yana cewa zai zuba dala biliyan 17 a Walt Disney World cikin shekara goma. Wanda ke haɗa kayansa zai bar gari ba ya haƙa sabon harsashi. Majinyacin ya daɗe a kwance kafin ranar.

To ko abin ne ba shi da kyau? Nan shaidu suka rabu biyu, kuma nan ne na fi daɗewa. A watan Mayu na 2024, bayan an riga an rufe, wata mai sharhi a YouTube, Jenny Nicholson, ta saki bidiyo na awa huɗu a kan zamanta a otal ɗin, miliyoyin mutane suka kalla. Ta biya sama da dala 6,000 ita da abokiyar tafiyarta. Ta nuna ƙanƙantar ɗaki, da gadajen yara masu hawa biyu da aka cusa a bango. A wurin cin abincin dare, inda mawaƙiya ke wasa, an zaunar da ita a bayan ginshiƙi. Manhajar da ya kamata ta shigar da ita cikin labarin ta yi ta gardama, har manyan sassan wasan suka wuce ta. Otal ɗin ba shi da wurin ninƙaya. Ana kai baƙi filin wasanni ne a bayan wata babbar mota da aka yi wa ado daga ciki don ta yi kama da ƙaramin kumbo. A ɗaya gefen kuma ga waɗanda suka fito suna hawaye don ba sa son rabuwa da 'yan wasan, suka koma sau biyu, sau uku, suna ɗinka kayan sawa na musamman kafin su je. Babu maƙaryaci a cikinsu. Gini ɗaya suka kwana, amma ba abu ɗaya suka saya ba.

Wannan saɓani shi ne bakin zaren. Mu ɗauki otal mai tsada na gaske a wannan gida, Grand Floridian, wanda aka buɗe a 1988. Me mutum yake saye idan ya biya ɗaruruwan daloli a dare ɗaya a can? Kusanci da hutu. Jirgin ƙasa mai layi ɗaya yana tsayawa a ƙofar otal, tasha ɗaya ka isa Magic Kingdom. Rana ta take, yaro ya fara rigima, sai ku koma ɗaki ya yi barci, ku dawo da yamma. Baƙin otal-otal na kamfanin suna shiga filin wasanni rabin awa kafin sauran jama'a. Ko ka ƙi komai ka kwanta a bakin ruwa, ka ci kuɗinka. A cikin kumbo kuwa, wanda ya kwanta ya yi asara. Sai ka tashi ka bi 'yan wasa, ka yi magana da baƙin fuska, ka riƙe waya kana amsa saƙo, ka shiga wannan ɗaki ka fita wancan, daga safe har dare. Mai kunya, da mai gajiya, da uban da ya zo don yara kawai, sun biya kuɗin alfarma sun sami aikin yi. An kira abin otal, an sa masa kuɗin otal na sarakuna, alhali dandalin wasan kwaikwayo ne mai gadaje.

Daga nan sai lissafi ya fara fitowa. Wane ne cikakken abokin cinikin wannan wuri? Dole ya zama mai son Star Wars sosai. Dole ya zama mai iya fitar da dala dubu biyar ko shida a kan dare biyu, ban da kuɗin jirgi da sauran kwanakin hutunsa. Dole kuma ya zama mai jin daɗin shiga wasa a gaban mutane. Kowane sharaɗi yana zaftare jama'a. Har cikin masoyan ma an sake tankaɗe, domin labarin an ɗora shi ne a zamanin sababbin finafinai, tsakanin na 2017 da na 2019. Wanda ya girma da Luke Skywalker da Darth Vader na tsofaffin finafinan, wanda shi ne yanzu ya kai shekarun riƙe kuɗi, ba zai gamu da su suna yawo a zaure ba. Sannan labarin ɗaya ne a kowace tafiya. Kana iya bin wani ɓangaren daban, amma ƙarshen bai canzawa. Abin hawa na minti uku ana maimaita shi sau goma, a dawo baɗi a sake. Labarin da ka san ƙarshensa, mutum nawa ne za su sake biyan dubu shida a kansa? Watannin farko an kwashe rukunin masu ɗoki. Da suka ƙare, na bayansu ba su kai su cika ɗaki ɗari duk bayan kwana biyu ba.

Saura tambaya ɗaya: me ya hana a karya farashi sosai a jawo masu ƙaramin ƙarfi? Amsar tana cikin lambar nan 100. Otal ɗin Pop Century, a gida ɗaya, ɗakuna 2,880 ne da shi. Mu yi lissafin 'yan kasuwa a bayan takarda: ɗaki 100, kowanne a ce dala 5,000, rabin miliyan ke nan a tafiya guda idan ko'ina ya cika. Tafiya kimanin 180 a shekara, abin da zai shigo bai wuce kusan dala miliyan 90 ba, kafin a cire ko sisi. Wannan shi ne rufin ɗakin, babu hawa sama da shi. Kashe kuɗin kuwa ba ya sauka. Otal na yau da kullum idan baƙi sun yi ƙaranci sai a rufe hawa ɗaya, a rage masu shara. A kumbo, ko ɗaki arba'in ne da mutane, sai kyaftin ta fito, sai mawaƙiya ta yi waƙa, sai an yi artabun daren ƙarshe da cikakkun 'yan wasa, da masu fitilu, da masu kwalliya, da masu dafa abinci mai launin wata duniya. A rage farashi, kuɗin ba za su riƙe wasan ba. A rage 'yan wasa, babu abin sayarwa. A ƙara ɗakuna, 'yan wasa ba za su iya sanin sunan kowa ba, wanda shi ne daɗin abin tun farko. Gaba kura, baya sayaki.

Sai kuma aka yi rashin sa'ar lokaci. Bob Iger ya dawo kujerar shugabancin kamfanin a Nuwamba 2022, bayan an sauke Bob Chapek. A Fabrairu 2023 ya sanar da rage ma'aikata 7,000 da tsuke kashe kuɗi da dala biliyan 5.5. Mai neman inda zai yanka ba zai daɗe yana dubawa ba. Kamfanin ya share kimanin dala miliyan 250 daga littafinsa a kan ginin, ya huta.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu ga waɗanda suka je? Shaida ta ƙarshe ta zo ne bayan sanarwar mutuwa. Da aka sake buɗe sayar da sauran tafiye-tafiyen, ɗakunan da aka yi watanni ana lallashin mutane da rangwame suka ƙare cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, a cikakken farashi. Da yawa daga masu rububin tsofaffin fasinjoji ne da suka san abin da ke ciki, suka kuma san irin tasu ce. Su dai kuɗinsu bai tafi a banza ba. Yawansu ne ya isa cika kumbo na wata huɗu, bai isa riƙe shi shekara goma ba.

Tafiyar ƙarshe ta tashi ranar 28 ga Satumba, 2023, ta sauka ranar 30. Ginin yana nan a bayan Hollywood Studios. Mayar da shi otal na kowa da kowa ba abu ne mai sauƙi ba: ƙananan ɗakuna ɗari, babu taga, babu wurin ninƙaya. A farkon 2025 aka ji cewa za a mayar da shi ofisoshin Walt Disney Imagineering, sashen injiniyoyi da masu zane na kamfanin, wato mutanen da suka zana shi tun farko.