Dusar Da Muke Ba Awaki, Hanjinmu Ma Na Son Ta

Idan an surfa gero ko dawa, an bakace, dusar sai a kai wa awaki. A cikinta kuwa mafi yawan faibar hatsin take, wato ɓangaren abincin da tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkarwa. Jikin ɗan Adam ba shi da sinadaran da za su farfasa ta, don haka takan wuce yadda take har babban hanji.

A can ne ake jiran ta. Babban hanji gida ne na ƙwayoyin bakteriya da masana suka ƙiyasta sun kusa tiriliyan 38 a jikin baligi, kuma wurin babu iskar shaƙa, saboda haka tsimar da abinci suke yi, kamar yadda gasara ke yin tsami idan ta kwana. Aikin na taron dangi ne. Wasu, irin su Prevotella da Bacteroides, su ke fara yayyanka dogayen sarƙoƙin faibar, wasu kuma su ci gutsattsarin da suka bari. Daga nan sinadarai uku ke fitowa: asitet, da furofiyonet, da butiret. Na farko yakan shiga jini ya zaga jiki, na biyu hanta ce ke ɗauke yawancinsa. Butiret shi ne abin a tsaya a kai, domin bangon babban hanji daga gare shi yake samun mafi yawan kuzarinsa, kuma yana rage kumburin bangon. Tare da waɗannan sinadarai iska ke fitowa. Tusa dai shaida ce ana aiki a ciki, ko da yake ba a faɗin haka a gaban surukai.

A 2010 masu bincike daga Italiya sun kwatanta kashin yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, waɗanda cimarsu gero ce da dawa da wake, da na yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen sun fi yawan Prevotella nesa ba kusa ba, sun kuma fi yawan waɗancan sinadarai. A 2015 kuma aka wallafa wani gwaji da baƙaƙen fatar Amurka 20 suka yi musayar cima da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 na mako biyu kacal. Butiret ya ninka fiye da sau biyu a cikin Amurkawan, na 'yan Afirkan ya ragu da rabi. Ashe ƙwayoyin nan abin da aka ba su suke bi, kuma ba sa daɗewa kafin su juya.

Surfe yana da dalilinsa: yana fitar da datti, tuwo ya yi laushi da haske. Amma a ganina mun zarce, musamman a birni, inda farar shinkafa da burodin fulawa da taliyar leda suka ture dawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, abin da irin wannan cima ba ta kaiwa sai an haɗa da wake da ganye.

Ɗumame ma yana da nasa rabon. Tuwo idan ya huce, wani kaso na sitacinsa yakan ƙi narkewa, ya isa babban hanji kamar faiba. Wanda bai saba da yawan faiba ba kuma ya riƙa ƙara ta sannu a hankali, yana shan ruwa, don cikin da aka afka wa da faiba lokaci guda kumbura yake yi.