Ko Ka Sani? Ba Kowace Wuƙar Aljihu Ke Kulluwa Ba

Ko ka san ƙarar “ƙas” ɗin nan da wuƙar aljihu ke yi in an buɗe ta ba ita ce shaidar ta kullu ba? Akwai mai yin ƙarar alhali babu makulli a jikinta sam. Akwai kuma wadda makullinta ya cinye, jira kawai take a matsa mata ta rufo kan yatsun mai ita.

Zancen ya shafi mutanen Zongon Lome a Togo, domin unguwa ce ta dabbobi da nama. Fataken shanu da goro, akasarinsu Hausawa, su suka raya tsohon Zongo a tsakiyar gari, har 1977 da gwamnati ta tashe shi aka mayar da jama'a arewacin birni, wajen Agoè da Togblékopé, bakin hanyar da ke zuwa Burkina Faso. Sana'a ta bi masu ita. Mahauci dai wuƙarsa mai kube ce, ruwanta a dashe cikin ƙota, ba inda za ta lanƙwashe. Amma dillali mai yanke igiya, da direban tirela, da mai ɓare lemo, mai naɗewa suke sawa a aljihu, kuma duk raunin irin wannan wuƙa a gaɓarta yake.

Sai ka fara sanin irin taka. Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ta kuma yaɗu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, ba ta da makulli. Sifirin ne mai tauri ke riƙe ruwanta. In ka danna bayanta ta rufe, ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta. Okapi kuwa a Solingen ta Jamus aka soma ta a 1902 don kasuwar ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka, lokacin Togo na cikinsu, kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988. Mai zoben cikinsu tana da sifirin kwance a bayan ƙota wanda ke kama haƙori a gindin ruwan wuƙar, ba ya saki sai an ja zoben. Opinel ita ma zobe gare ta, amma a wuya, an ƙara mata shi a 1955: kai za ka murɗa shi da hannu ya tare hanyar komawa. In ka manta, wuƙarka a sake take. Sai na zamani masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda wani siririn ƙarfe a cikin ƙota ke zamowa ya tokare gindin ruwan.

Gwajin makulli ba wuya. Buɗe wuƙar sarai, ka riƙe ƙotar ta gefe da gefe, kada yatsa ko ɗaya ya gitta ramin da kaifi ke kwanciya. Da ɗaya hannun ka kama bayan ruwan wuƙar ka girgiza. Ɗan motsi dama da hagu yawanci ƙusar gaɓa ce ta saki; a ɗaure ta, ko maƙeri ya ɗan buga ta, shi ke nan. Motsin sama da ƙasa shi ne abin tsoro, don yana nufin makulli bai zauna daram a gurbinsa ba. Daga nan sai ka danna bayan wuƙar a hankali kamar mai son rufe ta ba tare da ka taɓa makullin ba. Mai lafiya ba za ta gusa ba.

Mai siririn ƙarfen nan tana son a leƙa cikinta da haske. In ƙarfen gefen gindin kawai ya ɗan lasa, ƙiris zai sa ya zame. In kuma ya wuce can har ya jingina da ɗaya bangon, ya gama cinyewa. Tsakanin nan ake so.

Wasu kan buga bayan wuƙa a kan teburi da ƙarfi don su gwada ta. Ban yarda da wannan ba: duka yana dakushe bakin makullin, sai mutum ya ɓata abin da yake son ya tabbatar da lafiyarsa.

Sau da yawa ma ba karyewa aka yi ba, datti ne. Kitse ya daskare a gurbin makulli, zaren aljihu da yashi su manne masa, sai haƙorin ya shiga rabi kawai, ya kuma yi ƙarar da ka saba ji. Ruwan ɗumi da sabulu da tsinke sun isa, sai a shanya ta ta bushe ƙayau a ɗiga mata mai kaɗan a gaɓa. Lome bakin teku ce, iskarta da gishiri da laima, baƙin ƙarfe ba ya jimawa bai yi tsatsa ba. Ƙotar icce irin ta Opinel kan kumbura ta damƙe ruwan wuƙar har ya ƙi fitowa, hunturu na busowa kuma ta saki. Wanda ya saba da taurin damina zai iya ɗauka wuƙarsa a kulle take, ashe iccen ne ya riƙe ta.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ranar layya, lokacin da gida ya cika da aiki, yaro ya zaro ta aljihu yana tura tsininta cikin gaɓar ƙashi yana murɗawa. Soka da banƙara su ne ke tura wuƙa ta inda take rufewa. Yanka da fiɗa da raba ƙashi aikin mai kube ne, ko da makullin ta aljihun ya ci duk gwajin da aka yi masa.