Ashe tseren keke ma sana'a ce

A Kafanchan na taso, inda muke karɓar hayar keke mu yi tsere zuwa Kagoro, iyaye na ta faɗa wai shiririta ce. Ashe wasu da shi suke cin abinci.

Ku dubi Alexandre Vinokourov, ɗan ƙasar Kazakistan. Ya shiga sahun ƙwararru a 1998, ya lashe gasar zagaye Sifaniya a 2006. A 2007 aka kama shi da maguɗin ƙarin jini a gasar zagaye Faransa, aka dakatar da shi. Ya dawo a 2009, ya ci zinare a Olamfik ta Landan a 2012.

Ba ƙarfin ƙafa kaɗai ya kai shi nan ba. Manyan kamfanonin ƙasarsa, har da na jirgin ƙasa, su suka ɗauki nauyin ƙungiyar Astana tun 2006: ga albashi, ga koci, ga makanikai.

Mu kuwa fa? A Olamfik ta Faris a 2024, sai da 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye ta ari keke wurin Jamusawa.

Don haka 'yan uwa na Agege da Sabon Ibadan, in yaro ya nace wa keke, kada a yi saurin tsawata masa. Mai tsaya masa ya rasa.